Kunun Gyaɗa da Shinkafa: Karin Kumallon da Muka Bari a Baya

  



Da aka nemi mu gabatar da jawabi a wannan taro, mun san da yawa za su zaci za mu yi magana ne a kan ajujuwan da rufinsu ya yaye, ko ƙarancin malamai, ko sakamakon jarrabawa, tunda alli da allo su ne abin da muka yi rayuwarmu a cikinsu. To, sai ga shi mun zo da zancen kunu. Muna neman afuwar iyayenmu mata, domin mun shiga madafi ba tare da sallama ba, amma idan an yi haƙuri an saurara za a ga ba mu bar makaranta ba ko da taku ɗaya.

A shekarunmu na ƙarshe a bakin aiki, a wata makarantar firamare ta ƙauye, wata safiya cikin hunturu yara suna tsaye a layi sai wata yarinya 'yar aji uku ta yanke jiki ta faɗi. Aka ɗauke ta zuwa ofis, aka yayyafa mata ruwa. Da ta farfaɗo muka tambaye ta abin da ta ci kafin ta fito, ta ce ruwan bunu, wato shayi ba madara, kuma rabonta da abinci tun tuwon daren jiya. Wannan ya sa muka bi aji-aji muna yi wa yara tambaya ɗaya: me ka karya da shi yau? Masu gata suka ce shayi da burodi, ko taliyar leda. Wasu suka ce ɗumame, su ne ma muka fi samun natsuwa da su. Wasu an ba su kuɗin tara sun sayi alewa da biskit a bakin ƙofa. Wasu kuwa suka sunkuyar da kai. Kowane malami ya san irin waɗannan yara: da ƙarfe goma ta yi sai ka ga ido ya raina fata, kai ya kwanta a kan benci, kana bayani kamar kana zuba ruwa a rariya. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, uban yarinyar nan manomi ne, a rumbunsa akwai gyaɗa, a ɗakinsa akwai buhun shanshera, ga bishiyar tsamiya a bayan gidansa. Bai rasa abinci ba, dabarar haɗa shi ce ta fita daga gidan.

Wannan dabara kuwa tsohuwa ce, kuma tana da asali. Da yawa daga cikin matasanmu sun ɗauka shinkafa baƙuwa ce, daga Tailan ko Indiya ta zo mana a jirgin ruwa. Ba haka ba ne. Masana sun tabbatar Afirka tana da irin shinkafarta na kanta, wadda aka fara nomawa kusan shekaru 3,000 da suka wuce a fadamun kogin Kwara da ke ƙasar Mali ta yanzu. Ita ce jar shinkafar nan mai kauri da aka daɗe ana nomawa a fadamun Sakkwato da Kabi. Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa, da ya ziyarci daular Mali a 1352, ya tarar ana cin shinkafa a can. Daga baya ne farar shinkafar Asiya ta shigo ta mamaye gonaki saboda ta fi yawan amfani. Har a zamaninmu, wani masani ɗan ƙasar Saliyo, Dokta Monty Jones, ya aurar da ta Afirka da ta Asiya ya fitar da irin da ake kira NERICA, aka ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2004. Tsamiya ma 'yar gida ce. Gyaɗa ce baƙuwa, daga Kudancin Amurka Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, amma ta zauna ta zama 'yar gari, har bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta zama dukiyar ƙasar nan, aka riƙa tara ta dala-dala.

Mu da muka tashi a shekarun 1960 zuwa farkon 1970 mun san shinkafa ba abincin kullum ba ce. Dawa da gero su ne sarakunan gida. Shinkafa sai ranar sallah, ko suna, ko biki, ko an yi baƙo na musamman. To, a nan hikimar iyayenmu mata take. Mudu ɗaya na shinkafa idan aka dafa shi dafa-duka, mutum nawa zai ƙosar? Amma idan aka ɗebi kaɗan daga cikinsa aka zuba a ruwan gyaɗa, aka bar shi ya nuna ya narke, sai gida guda ya sha ya ƙoshi, har a miƙa wa maƙwabta. Shi ya sa ake yi wa mara lafiya, da mai jego, da tsoho wanda haƙori ya ƙare masa, da mai buɗa baki a watan azumi. Ba ma zaɓaɓɓiyar shinkafa ake sawa ba. Tsakin da ya kakkarye wajen sussuka a turmi, wanda ba ya shiga kasuwa, shi ake tarawa domin kunu.

Kada kuma a zaci mu kaɗai muka san wannan. Alhazanmu sun ga yadda Larabawa ke dafa shinkafa da madara da sukari, Misirawa na ce masa ruzzu bil laban. Mutanen Indiya da Fakistan suna da nasu mai suna kir, Turkawa suna da nasu. Wani abin sha'awa shi ne, a littafin girke-girke na masu dafa wa Sarkin Ingila Richard na Biyu abinci, wanda aka rubuta wajen 1390, akwai dafuwar shinkafa da ruwan wani ɗan itace mai mai, wanda Larabawa ke kira lauzu. A daka shi, a dama da ruwa, a tace, daidai yadda ake yi wa gyaɗa a gidajenmu. A wancan zamani shinkafa a Ingila kayan fatake ce mai tsada, sai gidan sarauta da na attajirai. Ashe abin da ake kai wa sarki a akushi, shi ne kakanninmu mata suke damawa a tukunyar ƙasa ba tare da sun ɗauke shi komai ba.

Yaya aka yi muka bar shi? Abubuwa ne suka haɗu. Farin 1973 ya karya manoma, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, dalar gyaɗa ta ɓace. A daidai lokacin kuɗin man fetur ya shigo, jiragen ruwa suka riƙa sauke shinkafar waje da alkama da madarar gwangwani, har a zamanin Shugaba Shehu Shagari aka kafa kwamiti na musamman domin shigo da shinkafa. Bakinmu ya saba da doguwar shinkafa mai warara, wadda ba ta yin kunu ba ta yin tuwo, muka fara yi wa tamu kallon abincin ƙauye. Burodi da shayi suka zama alamar wayewa. Mu 'yan boko, mu faɗi gaskiya, mu ne muka fara kai wannan ɗabi'a gida. Malamin makaranta yana ganin bai cika malami ba sai an gan shi da burodi a bayan keke. An hana shigo da shinkafa a 1985, an buɗe a 1995, an rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, sannan aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, farashin komai ya tashi. Duk wanda ya jingina karin kumallon 'ya'yansa da abin da ake saya da kuɗin waje, ya ji a jikinsa. Kowa ya ci shinkafar rance, tasa ya ci.

Alhali kuwa dubi abin da Allah Ya ba wannan yanki. Ga madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992, ga ta Kusalla, ga fadamu. Daga Yammedi da Turawa da Kurugu har zuwa Zarewa da Sundu da Fulatan, da wuya ka sami garin da ba a noma gyaɗa ko shinkafa. Ga rake a ƙasar Rogo da maƙwabtanmu na Makarfi da Danja, inda ake samun mazarƙwaila. Ga rugagen Fulani masu nono. Kayan wannan kunu gaba ɗaya babu wanda sai an tsallaka teku kafin a same shi.

Yanzu bari mu shiga tukunya, da izinin masu ita. Wannan awo da za mu faɗa mun karɓo shi ne daga uwargida, kuma ya ishi yara takwas zuwa goma. A sami gyaɗa ɓararriya gwangwani 4, irin gwangwanin madara da ake awo da shi, da shinkafar tuwo ko tsakinta gwangwani 3, da ruwa kimanin lita 4. Tun da dare a wanke shinkafar, a rege ta saboda tsakuwa, a jiƙa. A jiƙa tsamiya kamar sili uku a wani kwano dabam. Gyaɗar kuwa a ɗan soya ta sama-sama a busasshen kasko, iyakar yadda jan ɓawonta zai saki, kada a bari ta yi ja kamar ta ƙuli-ƙuli, domin in ta soyu sosai kunun zai yi duhu, ya yi ɗanɗanon tunkuza. A murje, a bushe ɓawon a faifai, a daka a turmi ko a kai inji a markaɗa ta yi laushi. Da asuba a dama ta da ruwan nan, a tace da rariya mai laushi, za a ga ruwan ya fito fari tas kamar madara. A ɗora a wuta.

Nan ne wurin da ake gane gwana. Ruwan gyaɗa kamar madara yake, da ya tafasa sai ya taso ya zube, saboda haka ba a rufe tukunyar, ba a kuma yin nisa da ita. Idan ya tafasa har ƙarnin ɗanyar gyaɗa ya fita, sai a tsame shinkafar a zuba, a rage wuta, a riƙa juyawa da muciya ko ludayi har ƙasan tukunya don kada ya kama. Shinkafar da ta kwana a ruwa ba ta wuce minti 20 zuwa 25 ta nuna ta farfashe. Mai son kauri sai ta raba shinkafar biyu, ta niƙa rabi ya zama ƙullu, bayan ɗaya rabin ya nuna ta zuba ƙullun tana juyawa. Mai son ƙamshi ta jefa 'yar citta da kanumfari tun a wajen niƙa. Sai a sauke. Bayan an sauke ne ake tace ruwan tsamiya a zuba kaɗan-kaɗan ana juyawa, ko a matsa lemon tsami; idan aka zuba tsami tukunya na tafasa, kunun yakan tsinke ya yi ruwa a sama. Daga nan sai abin zaƙi, mazarƙwaila ko sukari ko zuma, daidai misali. In da hali a ƙara ludayi biyu na nono ko kindirmo. Dusar gyaɗar da ta rage a rariya ba a zubarwa, ta shiga miya ko ta tafi wurin kaji.

Akwai ƙanwar wannan kunu, wato shinkafa da madarar shanu, ga waɗanda suke kusa da ruga. Gwangwani ɗaya na shinkafa, biyar ko shida na sabuwar madara, a kan wuta marar ƙarfi, ana juyawa har ta yi kauri. Sharaɗi ɗaya ne, madarar ta tafasa sosai, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da wasu cututtuka. Sai kuma babbar yayarsu, nakiya, wadda ake yi da garin shinkafa da aka soya, da man shanu, da zuma ko narkakken sukari, da kayan yaji, a kirɓa a turmi har ta haɗe. Tana yin watanni ba ta lalace ba, shi ya sa ake sa ta a garar amarya tare da alkaki da dubulan, matafiya kuma suke yin guzuri da ita. Amma nakiya abar marmari ce, ba ita muka zo yi wa kamfe ba.

Me yaro yake samu a kofi ɗaya na kunun gyaɗa? Tun muna kwalejin horon malamai aka koya mana rabe-raben abinci: mai ba da ƙarfi, mai gina jiki, mai kare jiki. Shinkafa ƙarfi take bayarwa, abin da ke gina jiki a cikinta kaɗan ne, bai wuce kashi 7 ko 8 cikin 100 ba. Gyaɗa kuwa kusan rubu'inta mai gina jiki ne, kusan rabinta kuma mai ne, shi ya sa take riƙe ciki har azahar. Abin da ya yi ƙaranci a ɗayarsu, ɗayar tana taimakawa wajen cike shi, nono kuma ya ƙarasa. Shayin ruwan bunu ba shi da komai sai sukari da zafi. Ku dubi kuma abin da ake ba yaran da tamowa ta kama a asibitoci, ɗan ƙunshin nan mai kama da tunkuza. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, aka yi amfani da shi sosai a yunwar 2005 a Jamhuriyar Nijar, musamman a yankin Maraɗi, ya ceci dubban yara. Mene ne a cikinsa? Markaɗaɗɗiyar gyaɗa, da garin madara, da sukari, da mai, da ƙarin sinadarai. Ba mu ce kunu zai maye gurbinsa ba. Yaron da ya riga ya rame ko ya kumbura, asibiti za a kai shi ba tare da jinkiri ba. Abin da muke cewa shi ne, kayan da likita zai ba ɗanka bayan ya kwanta, mafi yawansu suna cikin rumbunka tun yana tsaye.

Sai dai ba duk abin da aka gada ne za a rungume ido rufe ba, akwai gyara. Mafi girmansa shi ne zaɓen gyaɗa. Gyaɗar da ta sha danshi ta yi funfuna tana ɗauke da wata guba da ake kira afalatoksin, wadda ke lalata hanta, tana kuma tsumburar da yara. An gano ta ne bayan da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda cin abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. Tafasa ba ta kashe wannan guba. Mu kuwa al'adarmu ita ce mu kai mai kyau kasuwa, mu bar wa gida ƙwailo da ruɓaɓɓiya. Wannan kuskure ne babba. A baza gyaɗa a faifai a tsince duk wadda ta yanƙwane, ko ta canza launi, ko ta yi ɗaci, a zubar, kada ma a ba dabba mai nono. A shanya ta ta bushe ƙayau a kan tabarma ko leda, a ajiye buhu a kan katako nesa da bango. Haka nan kunun shinkafa ba ya son kwana. Abin da aka dama da safe a shanye shi da zafinsa ko a zuba a fulas, domin dafaffiyar shinkafa in ta daɗe a ajiye tana kawo amai da gudawa. Jariri kuwa nonon uwa zalla har wata 6, bayan nan a fara masa da mai laushi, kuma ba a ba yaro zuma sai ya cika shekara. Dattawa irinmu masu fama da ciwon sukari, a ɗebar mana namu kafin a zuba zaƙi, kuma kofi ɗaya ya isa.

Mun san abin da iyayenmu mata za su ce, domin an riga an faɗa mana a gida: malam, kai da baki kake dama kunu. Gaskiya ne. Aiki ne, yana cin itace, yana cin lokaci, ga shirya yara, ga ɗebo ruwa, shi kuwa shayi minti biyar ne. Amsar da muka samu daga masu yi ita ce, wahalar tana wurin gyaɗa, ita kuwa ana iya soya ta a markaɗa ta mako guda a rana ɗaya, ba tare da an sa mata ruwa ba, a zuba a roba mai murfi, kullum a ɗebi ludayi. In an yi haka, aikin safiya bai wuce rabin sa'a ba. Ranar da shinkafa ta yi wuya, gasarar gero ko ta dawa ko ta masara tana shiga ruwan gyaɗa lafiya lau. Mu kuma maza, nauyin a wuyanmu yake. Kada a sayar da gyaɗa kaf da kaka sannan a dawo ana sayen burodi bashi da bazara. A ware buhu guda na yara kafin dillali ya iso. Mai zuwa injin casar shinkafa ya tambayi tsaki, ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma shi ne ma ya fi dacewa da kunu.

Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 ya taimaka a inda ya kai, mun ga yadda ajujuwa suka cika a lokacin, amma an dakatar da shi a farkon 2024, kuma ko a lokacin da yake tafiya 'yan aji ɗaya zuwa uku kawai ya shafa. Saboda haka muna roƙon shugabannin wannan ƙungiya da su duba yiwuwar zaɓar makaranta ɗaya a Karaye, ɗaya a Rogo, a gwada na zango guda. Manoma daga cikinmu su ba da mudu-mudu na gyaɗa da shinkafa da kaka, 'yan uwa mazauna birni su ɗauki nauyin itace da sukari da ladan mata biyu masu damawa, ƙungiyar iyaye da malamai ta riƙe ma'aji da lissafi. Shugaban makaranta ya riƙa rubuta yawan masu zuwa da masu makara kafin a fara da bayan an fara, a kawo mana rajistar a taron baɗi mu duba da idonmu. Ɓangaren mata kuma su nemo tsofaffin da suka iya wannan kunu da nakiya, su koya wa 'yan matan Islamiyya da na sakandare a lokacin hutu. Mu a namu ɓangaren mun yi alkawarin tiya biyar ta gyaɗa daga gonarmu, kuma sakatare yana iya rubutawa tun yanzu.